Kwanon da Kwikwiyo Ya Lasa

Tun da ɗiyata ta tafi karatu Paris na kasa zama wuri ɗaya. In na dawo daga aiki a gidan kula da tsofaffi, sai in share ɗakin da na share da safe, in buɗe firji in rufe, in leƙa taga ina kallon bas-bas ɗin unguwarmu Vaulx-en-Velin, a gefen birnin Lyon, suna wucewa. Gidan ya yi mini shiru har agogon bango ya fara ba ni haushi.

Ɗiyar tawa ce ta jawo mini. Ta kira ta ce an tsinci wani kwikwiyo a ƙarƙashin gadar Porte de la Chapelle, wata tsohuwar Baturiya na riƙonsa kafin a sami mai ɗauka. Na tambaye ta ko ta manta ɗiyar wace ce ita. A garinmu Maradi kare na bakin garke ne ko na maharba, ba ya ƙetare zaure. Ta turo hoto. Kunne ɗaya a tsaye, ɗaya a kwance, ƙafafu sun yi wa jikin tsawo, ba a san ubansa ba balle danginsa. Na goge hoton, can da yamma na ce ta sake turowa. Ran Asabar ina cikin jirgin ƙasa zuwa Paris.

Baturiyar ta tsare ni da tambayoyi sai ka ce jikanta na zo ɗauka. Sharaɗinta shi ne a cikin gida zai kwana, don sanyi ya riga ya taɓa masa ƙirji. Ni kuwa baranda na shirya masa. Ina cikin neman abin cewa ya zo ya zauna a kan takalmina yana rawar jiki, na ji bakina ya ce na yarda.

Na tsaya Barbès, unguwar da 'yan Afirka ke taruwa a Paris, sayen bargo, jakar da na sa shi ciki na motsi a kafaɗata, ina kauce wa duk wanda na ji yana Hausa. Har muka iso Lyon mutum ɗaya ce a raina, Hajiya.

Hajiya 'yar Damagaram ce, ta girmi mahaifiyata, tana hawa na biyu a benenmu. Duk Juma'a takan hawo mu ci tuwo a kwano ɗaya, tsohon kwanon da mahaifiyata ta bar mini, ta yi la'asar a falona. Ita kaɗai nake Hausa da ita baki da baki a garin nan, kuma tsoro nake ji ƙwarai kar in rasa ta.

Juma'ar farko na ɓoye shi a ɗakin ɗiyata. Ina bakin ƙofa muna tsakiyar gaisuwa da Hajiya muka ji ƙarar kwano. Ashe ya ture ƙyauren ya fito, ya sa kai cikin tuwon da na aje a kan leda, yana lasar miyar kuka har da kaɗa wutsiya.

Hajiya ba ta ɗaga murya ba. Ta janye ƙafarta daga bakin ƙofa.

"Ɗiyata, naki ne?"

"Nawa ne, Hajiya."

"To. Allah shi kyauta." Ta juya ta tafi.

Satin nan ban huta ba. Wani malami ya ce mini ruwa kaɗai ya wadatar a wanke kwanon, amma mu mun taso mun ga ana wankewa sau bakwai, ɗaya da ƙasa, kuma na san in ba haka ba Hajiya ba za ta sa hannu a kwanon ba. To ina ƙasa mai tsarki a unguwar da aka shafe da kwalta? Ɗan filin ciyawa na gindin bene, nan karnukan unguwa ke fitsari, har da nawa. Na sayo buhun ƙasar shuka furanni, sai da na kawo shi gida na karanta cewa haɗe take da kashin doki. Na zauna tsakiyar kicin ina zagin kaina, ina zagin ɗiyata, shi kuma yana ta jan gefen zanena. Na nemo lambar Baturiyar in ce ta zo ta ɗauki abinta, na kasa dannawa.

Juma'a ta zagayo, na tuƙa tuwo duk da ban sa rai ba. Sai ga sallama. Hajiya ce da ɗan gwangwani a hannu, na kuwa gane shi. Yashin garinsu ne da ta taho da shi don taimama a ranakun da ciwo ke hana ta taɓa ruwa. Saura kaɗan, kuma ita da bakinta ta sha cewa ba ta jin za ta sake komawa gida.

"Hajiya, ba ki da wani fa."

"Rufe wancan marar kunyar tukuna, ki ɗauko kwanon."

Ta zuba mini a tafin hannu, ta tsaya a kaina ina gogewa. Ina kallon yashin yana bin ruwa yana shiga rariya, idona ya cika. Muka ci tuwo, ta ce gishiri ya yi yawa kamar kullum.

Da la'asar ta yi na ɗauko darduma zan shimfiɗa mata.

"Bar shi, ɗiyata. Can ɗakina zan yi."

Ta ɗora gwangwanin a saman firjina, ta ce kwikwiyo mai irin wannan idon ba ya ɓarna sau ɗaya. Har yau tana zuwa cin tuwo, kwikwiyon ma ya gane takunta. Dardumar tana naɗe a bayan ƙofa, ban sake shimfiɗa ta ba.