Jirgin Yaya a Kan Tudu

Ni ɗan kasuwar hatsi ne. Ɗebo gero a tafin hannunka zan faɗa maka na Sandamu ne ko na Baure, amma inji, ko na niƙa ne, ban san gabansa da bayansa ba. Duk da haka ni ne na taɓa tayar da injin jirgin ruwa a tsakiyar Daura, garin da ko kwaɗo sai da damina yake samun wurin iyo.

Jirgin na yayana ne. Tun muna samari ya tafi tafkin Chadi, yana jigilar bandar kifi daga tsibirai zuwa gaɓa. A shekarun da aka fara shari'ar Musulunci a jiharmu ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi. Abokan sana'arsa suka zaunar da shi a gaban tirela, suka ɗora jirginsa a baya, suka kawo mana su tare. Shi muka yi masa shimfiɗa a ɗaki, jirgin kuma aka jibge shi kan tsofaffin tayoyi da katakai a kangon bayan gidanmu, jikin masallacin unguwa. Awaki suka samu inuwa.

Hannun dama da ƙafar dama sun tafi, baki ya karkace, amma magana tana fita in ya ga dama. Ganin damar ne babu. Mutumin da ake jin muryarsa tun daga bakin layi ya koma kwanciya yana fuskantar bango. Ko alwala bai yarda a taimaka masa ba, taimama yake yi a jikin bangon nan ya yi sallarsa a zaune. Tambaya ɗaya yake yi mana kullum: an rufe injin da kyau?

Wata rana da bazara matarsa ta tare ni a soro. Kullum tsokanata take yi, tana ce mini ƙaramin miji mai warin buhu, amma ran nan babu dariya a fuskarta.

"Ka ji abin da yayanka ya ce? Wai injin da aka daɗe ba a tayar ba daskarewa yake yi, ba ya ƙara tashi. Wai shi da injin nan tafiyarsu ɗaya. Tun jiya ko koko bai sha ba. Don Allah ka tayar masa da shi ya ji."

Na san halin Yaya, abin da ya faɗa ba wasa yake yi ba. In injin ya ƙi tashi, ko ya lalace a hannuna yana kallo, ba zai ƙara sa komai a bakinsa ba.

Da na shiga na gaya masa, sai ya juyo daga bango. Sannan ya fara bayani, kalma na fita da ƙyar. Injin a cikin cikin jirgin yake, ba irin na ratayawa a baya ba ne. Ruwan tafki yake zuƙa ta ƙasa ya sanyaya jikinsa, ya fesar ta salansa tare da hayaƙi. A kan tudu dole a ba shi ruwa da hannu: a cika duro, a sa tiyo daga duron zuwa bakin fanfonsa. A cikin fanfon akwai wata 'yar roba mai fukafukai, in ta yi juyi babu ruwa nan take take ƙonewa, daga ita sai injin ya bi. Kada in taɓa giya, don farfelar da ke tura jirgin tana waje tsirara. Makulli ba ya kashe shi, akwai wata waya da ya ɗaura wa jan ƙyalle, ita ake ja.

"Idonka a salansa," in ji shi. "In ruwa ya tsaya, kashe."

Washegari bayan azahar 'yan ga-ruwa suka cika mini duro, na aro batir wajen wani direban babbar mota, na zuba gas. Muka fito da Yaya a kan tabarma, muka jingina shi da bangon kango, inda zai ga duron da bayan jirgin. Kafin in hau, unguwa ta taru. Masu babur da masu shaguna duk sun zo kallo, wani yana tambayata ko Baure zan nufa ta cikin yashi, wani yana cewa a ajiye masa wurin zama. Na kore su daga wajen farfela har muryata ta dushe, suna ja da baya suna dawowa.

Na murɗa makulli. Injin ya yi gurnani ya yi shiru. Na sake, ya sake. Ban yarda na kalli Yaya ba. Da na ƙara murɗawa sai jirgin gaba ɗaya ya girgiza, baƙin hayaƙi ya turnuƙe kangon, awaki suka watse. Na leƙa baya ina jiran ruwa. Babu. Na kai hannu wajen jan ƙyallen ke nan sai ga shi ya feso, fat, fat, yana jiƙa ƙasa. Mutane suka yi kabbara. Yaya ya rufe ido yana sauraro, leɓensa na motsi.

Ana cikin haka aka kira la'asar. A shekarun nan ana kiran salla kowa ke sakin abin da ke hannunsa, ga shi fanfon masallacinmu ya daɗe a bushe. Mutane suka waiga suka ga duro cike da ruwa mai tsabta. Wa zai hana musulmi ruwan alwala? Wannan ya tsoma buta, wancan ya tsoma. Ni ina sama, na duƙa cikin jirgi ina duba wani wuri da mai ke ɗiga, ban san abin da ake yi ba. Sai wani dattijo maƙwabcinmu da muke kira Baba, wanda kunnensa ya yi nauyi, ya zo da tasa butar. Ruwa ya yi ƙasa, tiyo ya tare masa hanya, sai ya zare shi a hankali ya rataye a bakin duron.

Ƙarar injin ce ta fara sauyawa, ta koma busasshiya kamar ana buga garwa. Sai warin roba. Na leƙa salansa, hayaƙi zalla. Na fizgi wayar nan, ta ƙi motsi, tsatsa da ƙura sun cinye ta. Na sa hannu biyu na ja da duk ƙarfina, ta tsinke, jan ƙyallen ya biyo ni. Injin bai fasa ba. Na murɗa makulli duk da na san banza ne. Na tsaya ina juyi a cikin jirgi, ina salati, zafi na dukan fuskata, ban san me zan taɓa ba.

Sai na ji ana dukan jikin jirgin. Na leƙa, Yaya ne a tsaye. Har yau ban san yadda ya taso daga tabarmar nan ba, masu kallo ma sun ce ba su lura ba sai ganinsa suka yi yana jan ƙafa. Ya rungumi gefen jirgin da hannun hagu, rigarsa na gogar farfela, jijiyar wuyansa ta tashi.

"Kai! Bi wayar! Inda ta tsinke, akwai ɗan ƙarfe! Tura shi baya!"

Tsohuwar muryarsa ce, ta bakin layi. Na bi guntun wayar da yatsa har jikin injin, na sami ƙarfen, na danna. Ya ƙona mini babban yatsa, ban saki ba. Injin ya yi shaƙuwa, ya girgiza, ya mutu.

Kangon ya yi tsit. Yaya ya sulale ya zauna a jiƙaƙƙiyar ƙasa yana haki. Ya ce in kwance murfin fanfon. Na kwance, na zaro robar na miƙa masa. Ta zama gawayi, fukafukan duk sun zube. Ya ce in juya injin da hannu. Na juya, ya juyu, bai daskare ba. Ya daɗe yana murza robar a tafinsa, ni kuma ina kallon fuskarsa ina jiran in ga ya koma mutumin nan mai fuskantar bango. Matarsa tana leƙe ta ƙofar baya, ta toshe baki da mayafi.

Baba ya matso, buta a hannu, jikinsa a sanyaye. "Ɗana, ni na yi ɓarnar nan ko? Wallahi ban sani ba."

Yaya ya juyo ya kalle ni. "Masu kawo kayan inji daga ƙetare suna zuwa Mai'adua ran kasuwa. Kai ba za ka gane irin robar nan ba, sai su haɗa ka da ta injin ban-ruwa. Za ka ɗauke ni mu je."

Tunda aka kawo shi bai taɓa taka ƙofar gida ba. Na ce to.

A masallaci an fara tayar da iƙama. Yaya ya miƙa hannun hagu ya karɓi butar Baba, ya girgiza ta ya ji da sauran ruwa, ya miƙo mini. Sannan ya ɗago shanyayyen hannun nasa da mai lafiyar, ya ɗora a kan gwiwata.

"Zuba mini," ya ce. "Yi sauri, za mu rasa raka'a."