Ta'aziyyar da Na Yi wa Mai Rai

Shekara tara na yi ina goge-goge a sashen masu ciwo mai tsanani na wani babban asibiti a Lyon. A unguwarmu kuwa, Minguettes, an san ni da wani aikin: idan mace ta rasu cikin mutanenmu, ni ake kira wankan gawa. Wajen kakata na gaji abin a Damagaram, kuma ina taƙama da shi.

Wata Lahadi cikin tsananin sanyi, wajen azahar, jirgi mai saukar ungulu ya sauka a rufin asibitin. Aka wuce da wata budurwa a guje, wata na'ura tana danna mata ƙirji. Ina tsaye da sandar goge-gogena a bakin ƙofa. Na ji ma'aikata suna cewa dusar ƙanƙara ce ta zaftaro daga dutse ta binne ta, ta fi awa guda a ciki, kuma ana tono ta zuciyarta ta tsaya. Ƙafarta ɗaya ta leƙo daga bargo, na kai hannu zan rufe. Ban taɓa wanke gawa mai irin wannan sanyi ba. Da na dubi fuskar sai na gane ta: ɗiyar maƙwabciyata ce, wata Hajiya ƴar Cadi mai sayar da turare. Yarinyar ta bi abokan aikinta ne wasan zamiya a duwatsu.

Kafin la'asar Hajiya ta iso, mayafinta a karkace. An yi mata bayani da Faransanci, ko rabi ba ta kama ba. Ta hango ni, ta riƙo gefen rigata.

"Ƙanwata, ke kin gan ta. Don Allah faɗa mini da Hausa."

Ba hurumina ba ne. An sha ja mana kunne kada mu yi wa dangi maganar majinyaci. Amma na ji daɗi da ni ta tambaya, ni mai goge-goge, ga likitoci birjik. Wannan ne abin da na fi jin nauyin faɗa. Na ce, "Yaya Hajiya, sai haƙuri. Da hannuna na taɓa ta. Abin da suke yi yanzu al'adarsu ce kawai, ba su son saurin faɗa."

Ba ta yi ihu ba. Ta yi salati, ta zame ta zauna a ƙasa, ta miƙo mini waya ta ce in kira wanta a Paris. Ni na sanar da shi da bakina. Shi kuma ya kira gida Cadi, inda kakar yarinyar take. Matan unguwa suka fara isowa biyu-biyu, aka cika barandar da kuka ƙasa-ƙasa, ni ina tsakiya ina faɗa musu yadda ake samun takardar karɓar gawa.

Wajen awa uku muna haka, sai wata likita ta fito. Ta dube mu da mamaki, ta ce wa zai fassara wa uwar. Aka nuna ni.

Ta ce sanyin da ya tsayar da zuciyar, shi ne kuma ya kare ƙwaƙwalwar. Waɗanda suka tono ta sun tarar ƙanƙara ba ta cika mata baki ba, akwai ɗan rami gaban fuskarta inda ta riƙa numfashi. Shi ya sa ba su fid da rai ba. Sun riƙa janye jininta cikin wata na'ura suna ɗumama shi sannu-sannu suna mayar mata, don wanda sanyi ya daskarar ba a yanke masa hukunci sai jikinsa ya yi ɗumi. Ta ce ɗazun nan zuciyar ta koma bugawa. Akwai sauran haɗari, amma tana da rai.

"Fassara mata," in ji likitar.

Na fassara, kalma bayan kalma, idona a kan takalmina. Da likitar ta tambayi wanda ya ce musu ta mutu, babu wadda ta nuna ni. Sun rufa mini asiri, kuma da sun tona da ya fi mini sauƙi.

Ana cikin haka wan Hajiya ya iso daga tashar jirgin ƙasa, riƙe da leda. Farin yadi ne a ciki. Na ga lokacin da wata ta karɓe ta cusa a jakarta.

Yarinyar ta yi wata biyu a asibiti, ta fita da sanda, yatsun ƙafarta biyu babu. Ni kuwa a benen da muke zaune na koma hawa matakala har hawa na bakwai, don kada mu haɗu da Hajiya a asansar, na'urar hawa bene. Sai da bazara ta shigo na iya ƙwanƙwasa ƙofarta. Ta ba ni wuri, ta kawo shayi, ta bar ni na gama roƙon gafarata.

"Na yafe tun a ranar," ta ce. "Amma tsohuwata can Cadi har yanzu ba ta yarda ba. Gani take muna ɓoye mata ne. Kullum sai yarinyar ta yi mata magana a waya, in an ajiye kuma ta ce muryar wata ce."

Ta tura mini kofin, ta ce in sha kafin ya huce.