Ni Kaɗai a Layin Rawaya

Maigidana, Allah ya jiƙansa, gyaran taransifoma ya yi a Sabon Gari har ƙarfinsa ya ƙare. Mutum ne da ko tuwo yake ci sai ya yi maka lacca. Ranar da muka tare a Samaru ya ja ni bakin titi ya nuna min wayoyi uku a kan falwaya, kowace da sunanta: ja, rawaya, shuɗiya. Ya ce ƙarfen da ke cikin taransifoma ƙafa uku gare shi kamar murhu, a haɗe sama da ƙasa, in aka jibga wa ɗaya kaya sauran biyun sai sun ji a jikinsu. "Mu a rawaya muke. Kar ki yarda a canza mana."

Na ce to, don ya ƙyale ni in je in sauke miya.

Bayan rasuwarsa gidan ya yi min girma, yara duk suna Kaduna. Abokin hirata rediyonsa ne, wani tsoho mai jikin katako, ba ya cin batir sai wuta. In kunna da safe, in yi ta mayar masa da magana. Wallahi kaɗaici ba daɗi.

Da zafin bara rawaya ta yi sanyi, fanka ko juyawa ba ta yi. Maƙwabta suka kira mai tsani, gida-gida yana mayar da su layin ja. Ya tsaya a ƙofata ya ce, "Hajiya, ke kaɗai kika rage fa." Na ce ya yi gaba, mai gidan nan ya fi shi sanin wuta. Har da tsakina.

Kwana biyu wutata ta yi kyau, ina ta taƙama. Ran Laraba da hantsi ina tsince shinkafa, ana labarai, sai ƙwan falo ya yi fari fat. Rediyon ya yi ƙara sau ɗaya ya yi shiru, ƙauri ya tashi.

Na rungume rediyon a keke napep har Sabon Gari, wurin wani tsohon abokin aikin maigidana. Ya buɗe ya girgiza kai. "Ya ƙone ƙurmus. Ku nawa ne a layinku?"

Na ce ni kaɗai.

"Ai shi ya sa. Da kowa ya koma ja, wutar ta karkata, ta taru a kanki. Layin nan ba a zamansa mutum ɗaya, Hajiya."

Na dawo da shi a cinyata, na mayar da shi kan teburinsa. Har yau kullum da safe sai na murɗa maɓallin kafin in tuna.