Abin Da Na Rage Maka A Gaban Zanen Auta

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris, da hantsi, ina kan keken ɗinki ina kafa hannun wata riga, wayata ta yi ƙara. Autarka ce. Yarinyar nan ba ta taɓa fara yi mini magana ba tare da gaisuwa ba, ran nan kuwa ba ta gaishe ni ba, saboda haka tun kafin ta faɗi abin da ya faru na ɗauke ƙafata daga kan keken. Ta ce, "Baba Tela, Baba ya cika." Allah ya karɓi abinsa a ɗakinka, bayan jinyar mako biyar, kana da shekara saba'in da huɗu. Rigar nan har yau tana rataye da hannu ɗaya.

Safiyo, mutane da yawa za su yi maka shaida, kuma sun fi ni iya riƙe alƙalami. Waɗanda kuka yi aikin awon filaye tare za su faɗi cewa ba ka taɓa matsar da turken iyaka ko da taƙi ɗaya don ganin idon wani ba. Maƙwabta za su tuna tsohuwar motarka ta aiki da ta kai matan unguwa asibiti ba adadi. Ni tawa shaidar daban ce. Ni abokin gardamarka ne na shekara talatin da ɗaya, kuma akwai maganar da na ɓoye maka har ka tafi.

A gidan nunin zane-zane da ke bayan babban gidan waya muka haɗu. Ba kallo ya kai ni ba, labulen tagogi na ɗinka musu na je kafawa. Na tarar da kai tsaye, hannu a baya, kana kallon wani ƙaton yadi da aka laɓta wa jan fenti aka ja baƙin layi ta tsakiya. Babu mutum a ciki, babu bishiya, babu gida. Na ce wa wanda ke riƙe mini tsani, da ƙarfi yadda za a ji, an ɓata yadi mai kyau, wannan da ya fitar da riga biyu. Ka juyo ka tambaye ni me na gani. Na ce ban ga komai ba. Ka ce, "To me ya tsayar da kai?" Daga nan muka sarƙe, har labule biyu suka hau a karkace ban lura ba. Asabar ta zagayo sai ga ka a shagona da wando a leda, wai a rage maka tsawo. Na auna wandon, lafiyarsa lau. Gardama ka zo ƙarasawa.

Ba mu taɓa ƙarasa ta ba. Kowace Asabar da aka buɗe sabon nuni, muna can. Ni matsayina bai canza ba: aiki sai ya zama ana iya duba shi. In na ɗinka riga, mai ita zai sa, ya ɗaga hannu, ya san ko na iya ko ban iya ba. Wannan zanen da ba ya kwaikwayon siffar komai, wa zai duba shi ya ce an yi kuskure? Kai kuma sai ka ce rayuwarka duka layi ka yi ta ja a takarda, babu wanda ya taɓa ganin gona a cikin taswira, amma a kan layin nan 'yan'uwa ke daina gaisawa. Ka ce ido yana jin nauyi da sauƙi, da ƙunci da fili, tun kafin ya san sunan abin da yake kallo. Ka taɓa tambayata me ya sa ba na tambayar yadin da nake yankawa me zanensa ke nufi. Na ce yadi yana rufe jiki. Ka yi dariya har mai gadin wurin ya leƙo.

Ba kowane zane kake yabo ba, kuma wannan ne ya sa na kasa raina ka. Akwai waɗanda kana tsayawa minti ɗaya za ka ce wannan lalaci ne aka sa wa firam. Amma ban taɓa jin ka faɗi haka inda mai zanen zai ji a gaban jama'a ba. Littafin baƙi kake jawowa, ka cika shafi guda da ƙananan rubutunka na ma'aikacin awo, ka faɗi inda hannu ya yi gaskiya da inda ya yi ha'inci. Na tuna wata matashiya da ta buɗe nuninta ruwan sama ya hana kowa zuwa. Mu biyu ne kawai da ita. Ka bi zanenta goma sha ɗaya ɗaya bayan ɗaya, kana yi mata tambaya kamar zauren cike yake, ni kuma ka sa ni na yi ta kushewa don ta samu wanda za ta mayar wa martani. Ta fito daga wurin tana huci da ni, ta manta da kukan da take shirin yi.

Da matata ta rasu, na rufe bakina na kusan wata uku. Kowace Asabar kana zuwa shago, ka zauna a bencin masu jiran ɗinki, ba ka cewa uffan. Har ran da ka miƙe ka ce, "Tashi, Tela, an kawo wani abu da zai ɓata maka rai." Na bi ka. Zanen kuwa ya ɓata mini rai ƙwarai, na yi ta faɗa har muryata ta dushe, kana gefe kana zuga ni. A hanyar komawa na ji yunwa, karo na farko tun bayan rasuwar. Ban taɓa yi maka godiya a kan wannan ba.

Shekara tara da suka wuce ciwon suga ya taɓa idanunka. A hankali abin ya yi ta rufewa, har ya rage maka ɗan haske a gefen dama ta ƙasa, daga baya shi ma ya tafi. Na ɗauka zuwa nuni ya ƙare. Sai ka aiko a kira ni, ka ce ni zan zama idonka. Na ce ga 'ya'yanka masu ilimi, ga Auta da ke karatun zanen ma. Ka ce, "Su suna sona, za su ƙara wa abin daɗi. Kai ba ka son zanen, ba za ka ƙara masa komai ba. Abin da ke wurin nake so."

Ka kafa mini doka irin ta ma'aikacin awo. In fara da tsawo da faɗi, ni kuwa idon tela ba ya kuskuren inci. In bi daga sama ta hagu zuwa ƙasa ta dama. In faɗi launi yadda zan faɗa wa mai sayar da zare, ba shuɗi kawai ba, wane shuɗin. In faɗi inda fenti ya yi kauri da inda yadi ke leƙowa, da inda buroshi ya bi a guje da inda ya tsaya. Kuma kada in ce abu ya yi kama da kaza, wannan aikinka ne. Kana riƙe da gwiwar hannuna ta hagu, kanka a sunkuye, kana ginawa a ranka. In na gama sai ka ce zanen nan yana da kyau, ni in ce shirme ne, mu kama. Mutane har tsayawa suke yi su ga makaho yana kare zanen da bai gani ba, mai ido yana kushewa. Kullum ni ne mai gajiya. In ja ka in ce mu je gaba, ka turje ka ce, "Tsaya mana, korarka ake yi?"

Farkon watan Fabrairu Auta ta buɗe nuninta na farko. Ka sa na ɗinka maka sabuwar riga. Muka bi ƙananan zanen, na yi aikina, na kushe abin da zan kushe. Sai muka iso bangon ƙarshe, inda babban yake shi kaɗai, ba suna, lamba kawai.

Safiyo, na tsaya a gabansa na kasa matsawa. Idona ya kawo ruwa, ban san dalili ba. Shekara talatin da ɗaya ina cewa irin wannan zane ba ya yi wa mutum komai, ga shi ya yi mini, kuma na 'yarka ne, kuma kana riƙe da hannuna kana jira. Da na ce ya kama ni, da na rushe duk abin da na tsaya a kai tun ranar labule. Sai girman kai ya riga gaskiya fita. Na ce inci saba'in da biyu a kan arba'in da takwas, toka-toka ne da shuɗi, da ɗan rawaya a ƙasa, irin dai na kullum.

Ka ce, "Shi ke nan?"

Na ce shi ke nan.

Ka ce, "Ka rage wani abu, Tela."

Na ce ban rage komai ba. Sai ka ja hannuna, ka ce to mu je, ma dawo Asabar. Ranar Alhamis ciwo ya kwantar da kai.

Mako biyar ina zuwa ina zama a bakin gadonka. Mun yi hirar ƙafarka, da tsadar zare, da jikokinka, da wani tsohon zane da muka yi faɗa a kansa shekara ashirin baya. Sau biyu maganar ta zo mini har baki na haɗiye, ina cewa bari ka tashi, in kai ka gabansa in faɗa a can. Gaskiyar ita ce kunya nake ji. Ka ba ni amanar idonka don ba na ƙari, ban san zan iya ragi ba. Zanen da ka fi kowane son gani a duniya, shi na tauye maka.

Kwana uku bayan rasuwarka, da mutane suka ragu, na samu Auta a barandar gidanka tana tattara kofuna. Na ce mata akwai laifin da na yi wa mahaifinta da ita, na kwashe duka na faɗa mata. Ta ajiye tiren, ta goge ido da bakin mayafinta, sai na ga tana murmushi.

Ta ce, "Baba Tela, ai ya sani. Muna komawa gida ran nan ya ce mini, 'Auta, kin yi zane. Shekara tara Tela ke ja na daga gaban zane, yau ni na ja shi.'"

Ta ƙara da cewa, "Ya hana ni faɗa maka. Wai so yake ka faɗa da bakinka."

Ashe duk zaman nan da nake yi a bakin gadonka, kana jira ne. Na ji sanyi da na san yabon ya isa ga yarinyar, kuma ta bakinka. Amma na ji ciwon da ban san ranar warkewarsa ba, domin ka jira ni mako biyar ban zo ba.

To ga shi, ko da ya makara. Inci saba'in da biyu a tsaye, arba'in da takwas a kwance. Da farko ta cika yadin da launuka masu haske, ja irin na zaren da ba ya zuba, kore, ruwan goro, ana ganin su ta gefe-gefe inda suka tsira. Sannan ta bi su da ruwan toka mai shuɗi-shuɗi, siriri, shafi a kan shafi, daga sama ta hagu tana gangarowa. A sama ya yi kauri har ba a ganin komai. A tsakiya, in ka matso, launukan suna nan a ƙarƙashi, ba su mutu ba, rufe su aka yi. Buroshin bai yi gudu ko'ina ba, hannun ya tafi a hankali kamar mai lulluɓe wanda ke barci. Can ƙasa ta dama ta bar wuri guda, bai fi tafin hannu ba, rawaya mai ɗumi, ba ta taɓa shi ba. Na san za ka ce na koma halina na neman labari a cikin zane. Wallahi ya kama ni tun kafin in tuna da idonka, kuma ban tambayi Auta abin da take nufi ba, ba zan tambaya ba. Zanen yana da kyau, Safiyo. Ban ce duka ba, kada ka yi saurin murna. Wannan ɗayan na ce.

Asabar da ta wuce an buɗe sabon nuni, na je ni kaɗai. Na tsaya gaban na farko na ji bakina yana auna tsawo da faɗi, gwiwar hannuna ta hagu a buɗe tana jiran a riƙe. Zanen shirme ne, na faɗa a fili, babu wanda ya musa mini. Ban taɓa sanin cin gardama yana da ɗaci haka ba. Ina kewarka, mutumina, kewa mai tsanani.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinka, wadda ta yi haƙuri da surutunmu shekara da shekaru, da 'ya'yanka biyar da jikokinka, da abokan aikinka, da matasan masu zane da ke ajiye da shafukan da ka rubuta musu. Auta, ki riƙe buroshinki, mahaifinki ya riga ya yi miki shaida. Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi, ya tsaya muku a inda yake tsaya muku.

Allah ya jiƙanka, Safiyo, ya gafarta maka kurakuranka, ya sa jinyar da ka sha ta zama kankarar zunubi. Ya yalwata maka kabarinka, ya haskaka shi, ya sa Aljanna ce makomarka. Ya mayar maka da ganinka fiye da yadda yake, ka kalli abin da ido bai taɓa gani ba, ba tare da ka jira wani tela ya faɗa maka ba. Ni kuma Allah ya yafe mini abin da na rage, ya kyautata tawa in ta zo. Amin.