Gaisuwar 'Yardada ta Ranar Juma'a

Duk wanda ya taɓa sayen ƙuli-ƙuli a lungunmu na Ƙofar Ruwa ya san 'Yardada. Katanga ɗaya ce tsakanina da ita, tun tana amarya nake jin ƙarar turminta. Mace ce mai faɗa, ba ta ɗaukar raini, kuma man gyaɗarta ba algus. Mijinta ya rasu ya bar ta da ɗa ɗaya, Zaharaddeen, da matsar mai ta rene shi har ya zama direban babbar mota.

Bara waccan aka tare su a hanyar Zamfara, aka shige da shi daji. An ɗan yi waya da farko, daga nan layin ya mutu. 'Yardada ta rame ta koma kamar kara, ta daina faɗa da kowa, kuma wannan ne ya fi tayar min da hankali.

Ana nan sai ga wani bawan Allah, Mailafiya, wanda ya kuɓuto daga hannun mutanen. Ya yi ta tambaya har ya gano gidan. Ya ce ya baro Zaharaddeen da rai, gyaran babura suke sa shi. A dajin ba sabis na waya, FM ba ta kaiwa, amma masu gadinsu na da rediyo, kuma ƙaramar tashar nan ta AM da ke bayan ganuwa tana shiga tar. Ranar Juma'a har filin gaishe-gaishe suke ji.

Shi ke nan fa. Kowace Juma'a da an sauko daga masallaci sai ta yafa mayafi ta hau adaidaita. Ma'aikatan suka saba da ita, suna ba ta makirfo. Ba ta ambaton daji, don kada ta jawo masa. Abin da take faɗa ke nan, a hankali: "Ina gaida ɗana Zaharaddeen duk inda yake. Innarka ce. Ina nan lafiya, ɗakinka na nan a share."

Tashar kuwa abin tausayi, na raka ta na gani da idona. Masu talla duk sun gudu FM da waya. Wuta ba ta zuwa, injin kuma ba ya ƙoshi da gas. A da, tun asuba suke buɗewa su wuni, yanzu sai safe da bayan Azahar. Ɓarayin ƙarfe, Allah ya isa, sun tone wayoyin tagullar da aka binne a gindin dogon ƙarfen tashar. Ma'aikata sun watse sai 'yan tsiraru, su ma don ba inda za su ne.

Wata rana wata mai sarin mai daga Bichi, mace da baki ba linzami, ta ce mata a tsakar gida, "Ai mu mun daɗe ba ma kama tashar nan."

Bichi fa, nan da nan. Washegari da safe 'Yardada ta sa wa rediyonta sabon batir, ta ce in raka ta. Muka shiga motar Bichi, rediyo manne a kunnenta. Muna wuce Dawanau muryar ta fara shaƙewa, can sai shuuu. Ta juya rediyon gabas da yamma, ta miƙa shi ta taga, ta jijjiga shi. Ba komai. Fasinjoji na ta kallonmu, ni kuwa ji nake kamar in zube a motar in yi ta kuka.

Ranar Juma'a ta ɗauki jarkar man gyaɗa cike fal, duk abin da ta matse a satin, ta dire a gaban Umar, injiniyan tashar.

"An ce rashin mai ne ya sa kuka rage ƙarfi. Ga shi, ɗana. Mai kyau ne, ni na matse da hannuna. Ka zuba wa injin."

Umar ya sunkuyar da kai. "Inna, ba ya shan irin wannan. Kuma ba mai kaɗai ba ne. Babbar na'urar ce ta ƙone tun damina, kayan gyaranta ma an daina yin su. Ƙaramar muke lallaɓawa."

"Tun damina?"

"Tun damina, Inna. Na kasa gaya miki ne."

Raina ya ɓaci, na buɗe baki zan wanke shi tas, sai na ga idonsa ya kaɗa ya yi ja, takalminsa ma a tsinke. To wa zan zaga?

'Yardada ta dafa bango. "Wato tun damina yana zaune ran Juma'a yana jira bai ji ni ba. Zai ce na mutu. Ko ya ce na haƙura da shi."

Aka leƙo aka ce lokacin gaisuwa ya yi. Na kama hannunta na ce mu tafi gida. Ta fizge, ta bar jarkar a nan, ta shige ɗakin watsa shiri. Ta gilashi nake kallonta. Ta riƙe makirfon da hannu biyu, ta kafa bakinta, ta buɗe murya iya ƙarfinta har jijiyar wuyanta ta tashi, tana ƙwala masa kira kamar yadda take yi daga soro yana yaro idan ya daɗe a waje. Umar ya kai hannu zai rage sautin, sai ya janye.