Wa Za a Rage Wa Abinci, Ni Ko Dokin?

Jiya ɗan dokina ya yi tuntuɓe a Ƙofar Dumi, ya watsar da ni daidai ƙofar gidan surukaina. Da babbar riga, jama'a!

Na ja shi wurin Baffana, wanda ya ba ni shi.

"Baffa, gero, harawa, kanwa, ba abin da ba ya ci, amma kullum sai tuntuɓe. Me zan ƙara masa?"

Baffa ya shafa ƙafafun dokin, sannan ya ƙura wa cikina ido.

"Ɗana, ƙashinsa bai yi ƙwari ba tukuna, tumbinka kuwa ya gama girma. Ka ɗaga masa sai baɗi. Kai za a rage wa."

Yau malmala ɗaya maiɗakina ta ajiye mini, wai umarnin Baffa ne.

Masu dawaki, haka ake yi, ko haɗe mini kai aka yi?