Jakar Magaryar Iya

Wanda ya san Makka a hoto kawai zai ɗauka babu komai a garin nan sai dutse da dogayen benaye. Ni kuwa da ganye na tashi. Kakata ta wajen uba, wadda muke kira Iya, ita ta koya min tafiya ido a ƙasa, har yau kuma ban daina ba.

Gidanmu a unguwar Nakkasa yake, can saman dutse, inda ake hawa matakala har gwiwa ta yi ƙara. Idan zafi ya karye, ruwan farko ya sauka, Babanmu yakan kwashe mu a tasinsa ranar Alhamis bayan la'asar, ni da yayana Hamza da Iya, ya sauke mu a Muzdalifa. Wanda lokacin Hajji kaɗai ya taɓa ganin wurin ba zai gane shi ba. Ba motoci, ba alhazai, sai fili fetal da tsuntsaye da 'yan itatuwa a gindin duwatsu. Iya takan dogara sandarta mu bi ta a baya muna tsintar ganye. Idonta ya riga ya yi rauni, amma da ta murza ganye ta kai hanci za ta faɗi sunansa, ta haɗa da maganin da yake yi.

Doka ɗaya ce, kuma kullum sai ta maimaita kafin mu fito daga mota: "Nan ƙasar Harami ce. Itacen da Allah ya tsirar da kansa a nan ba a sare shi, ba a tsige shi. Abin da ya faɗo ƙasa, shi ne naku."

Ganyen magarya ta fi so, musamman wanda iska ta kaɗo da sauran korensa. Tana da wata tsohuwar rigar matashin kai da ta mayar jaka, rataye a ƙusa bayan ƙofarta, a ciki take tara shi. Ba ta ɓoye mana dalili ba: da shi za a yi mata wankan gawa. Akwai garinsa a kasuwa, amma ta ce ba ta san hannun da ya tsinko ba, ita kuwa ba za ta je gaban Ubangiji da ganyen da ba ta san asalinsa ba. Shekara uku tana tarawa.

Da daddare bayan isha sai mu hau saman rufi. A hura gawayi a kasko, a ɗora butar shayi da na'ana'a, wanda ya fi kawo magarya ran nan shi zai zauna jikinta. Kullum Hamza ne. Dogo ne, ga sauri, ga baƙin tsokana, sai ya jingina da ita yana min gwalo.

Ina shekara tara haƙurina ya ƙare. Wata Alhamis na zagaya bayan dutse na samu wata 'yar magarya shar da ita. Na kama reshe na tsige shi tas, ƙaya ta karce min babban yatsa. Muna isa gida, Iya na salla, na juye ganyen a jakar na cakuɗa da hannu. Hamza ya riga ya ga tulin da na kawo, dole ya sallama.

Ran nan ni na zauna jikinta. Kafin mu hau sama na ga ta zura hannu a jakar ta shinshina. Da muka zauna ta riƙe hannuna, yatsanta ya tsaya daidai kan karcen. Sai ta buɗe tatsuniya da irin buɗewarta ta wadda aka kawo Makka a ƙafa tana goye: "Ga ta nan tafe, ta sha hanya." Muka ce, "Ta zo ta huta mu ji ta."

Wai a wani gari an yi wata itaciya da ke ciyar da mutane. Kowace asuba takan zubo 'ya'ya daidai cin kowane gida, ba ƙari ba ragi. Sai wata mata ta ga cewa maƙwabciyarta na riga ta zuwa tana kwashe manya-manyan. Rannan ta yi sammako ta kama itaciyar ta girgiza, ta cika ƙwarya uku. Washegari mutane suka zo ba ko ƙwaya ɗaya a ƙasa. Haka jibi, haka gata. Yara suka fara kuka. Dattawa suka je suka durƙusa suna tambaya, itaciyar ta ce ita ba fushi take ba, jira take. Hannun da ya girgiza ta yana da baki, shi take son ji.

Nan Iya ta tsaya ta kurɓi shayi. Hamza ya ce, "Sai kuma me, Iya?" Ta ce, "Kalas, ya waladi, shi ke nan ɗana. Ƙarshenta ba a wurina yake ba. Yalla, a je a kwanta." Ba ƙurunƙus, ba komai.

Kwana shida na yi da abin nan a cikina. Ba duka nake tsoro ba, Iya ba ta taɓa ɗaga mana hannu ba. Abin da ya hana ni sukuni shi ne wankan gawa sau ɗaya ake yi, ga shi a shekarar tari ya matsa mata. Duk tarin da ta yi sai in kalli bayan ƙofa. Idan ta tafi yau, da ganyen da na tsiga a Harami za a wanke ta, ita da ta yi shekara uku tana sunkuyo don guje wa hakan.

Ranar Laraba da hantsi na same ta tana tsince shinkafa. Na faɗa mata abin da na yi a gaggauce, kaina a ƙasa. Ta ci gaba da tsintarta, can ta ce in ɗauko jakar. Na ce ai za mu iya ware nawa. Ta buɗe min bakin jakar ta ce, "To, ƙawata, nuna min naki." Na duba. Duk sun bushe, sun zama abu guda.

Washegari a Muzdalifa ta sa na kai ta gindin 'yar magaryar. Ta sa na yi istigfari, sannan ta kama gindin jakar ta zazzage ganyen shekara uku gaba ɗaya. Na fashe da kuka, na ce idan ta mutu kafin jakar ta cika fa? Ta kaɗe jakar ta miƙo min. "In na tafi kafin ta cika, ruwa zalla ya ishe ni. Sunkuya mu fara."

A daren ta ƙarasa tatsuniyar. Matar ta je ta yi magana, itaciyar ta ci gaba da zubowa, kuma daga ranar ita aka ɗora wa raba 'ya'yan, don ita ta fi kowa sanin abin da gaggawa ke jawowa. Hamza ya ce wannan ƙarshen bai yi daɗi ba, ya so a ce an kore ta daga garin.

Iya ta ƙara shekara huɗu. Jakar ba ta wuce rabi ba, amma ta isa. Ni na daka ganyen a turmi, na miƙa kwanon ga matan da suka shiga wanke ta, kuma na san asalin kowane ganye da ke ciki.

Da ina yarinya na ɗauka darasin shi ne kada a tsigi ganye a Harami. Sai da na haihu na ga sauran. Iya ta gane tun daren farko. Tana iya zubar da jakar a lokacin ta huta, amma ta bar ta a rataye kwana shida, tana tari, tana jiran bakina. Abin da ta fi ji da shi a duniya ta ajiye don in koyi faɗin gaskiya da kaina, kuma ban ga alamar ta yi shakkar zan zo ba.

An rushe gidanmu na Nakkasa, yanzu a unguwar Shisha muke, hawa na uku, ba kasko ba saman rufi. Amma da sanyi ya shigo nakan kai 'yata Safiya Muzdalifa. Ina mata Hausa tana amsa min da Larabci, sai dai sunayen ganye da Hausa ta san su. Ni ma ina da tawa jakar a bayan ƙofa, Safiya ke zubawa. Makon jiya ta kawo tuli mai yawa, kore shar, tana ɓoye yatsanta a cikin riga. Na bar ta ta zuba. Yau kwana huɗu ke nan, jakar na nan a rataye, kuma na san za ta zo.